Yadda Ake Rubuta Labarin Da Ke Hana Zuciya Sakat

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a labaran da ake saki a WhatsApp da Wattpad da tashoshin karatun littattafai na YouTube. Marubuci yana son ya riƙe mai karatu, sai ya kwaso bindiga da 'yan garkuwa da matsafa da gawa a bayan mota, ya jibge su tun shafin farko. Ka karanta shafi biyar, ka ajiye waya ka shiga wata sabga, ko a jikinka. An harbi mutum, to sai me? Ba ka san shi ba. Amma tuna ranar da aka shiga da 'yar uwarka ɗakin haihuwa aka bar ku a baranda. Babu mugu, babu makami, ƙofa ce kawai a rufe, amma ko ruwa ba ya wuce maka maƙogwaro. Irin wannan zullumin ake nema a rubuce, kuma ba ya samuwa sai mai karatu ya san wanda ke bayan ƙofar, ya san abin da zai rasa.

Ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Cikin littattafan da suka fito bayan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, kuma abin da ke jan labarin daga farko har ƙarshe shi ne ƙullin da ke zuciyar saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. Zuciyar mutum ɗaya ta ɗauki littafi guda.

Zan bi matakan da misali ɗaya, labarin da na ƙaga saboda wannan bayani, na kuma zaunar da shi a Jos.

Mataki na ɗaya: samo mutum, ka gano abin da ba zai iya rasawa ba

Kafin ka san abin da zai faru, san wanda abin zai faru da shi. Shafi ukun nan da ake ɓatawa wajen siffanta dara-daran idanu da gashi har gadon baya da irin motar da aka fito daga ciki, ba sa ƙara wa labari komai. Tambaya uku za ka amsa a takarda. Da me mutane suka san shi? Me yake ɓoyewa? Wane abu ne in ya rasa, gara masa mutuwa?

Ta ukun ita ce ginshiƙi. A finafinan ƙetare abin da ake tsoron rasawa yawanci rai ne. Mu ma muna son ranmu, amma Bahaushe ya yarda kwana in ya ƙare ya ƙare. Abin da ke hana shi barci tonon asiri ne. Dubi addu'ar da ta fi yawo a bakin jama'a: Allah ya rufa mana asiri. Alhaji mai shaguna yana yin ta, mai tura baro yana yin ta. Duk wanda zai karanta labarinka yana da abin da ba ya son a ji, ko bashi, ko wata cuta, ko abin da ɗansa ya aikata. Daɗin irin wannan labari a nan yake. Mutum yana kwance lafiya lau a ɗakinsa, yana ɗanɗana abin da yake tsoro a jikin wani, yana tambayar kansa a ɓoye: da ni ne, ya zan yi?

Ga tamu. Inna Asabe, mai sayar da kayan miya a kasuwar Farin Gada, gidanta a Gangare. Ita ce uwar adashen mata 20, kowacce na zuba naira 10,000 duk Asabar, kwasa ta kama 200,000. Shekara 18 tana riƙe da adashen, ko kwabo bai taɓa ciwon kai ba. A cikin matan akwai Hausawa, akwai Birom, akwai Ibo, kuma duk rabuwar unguwanni da aka yi a garin, adashen bai watse ba, saboda kowa ya yarda da Asabe. Abin da take da shi a duniya ke nan. Ba ta da gida nata, ba ta da miji a raye, tana da suna.

Sai ka ba ta ƙananan ɗabi'u guda biyu ko uku, waɗanda za su yi maka aiki daga baya. Asabe tana ƙirga kuɗi sau biyu, ta ɗaure da jan zaren buhu, ƙulli biyu. Ba ta cin abincin kowa a kasuwa. Tana kunyar ɗan farinta Nasiru, mai tuƙa keke Napep, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan". Kada ka zaɓi ɗabi'a don ado. Duk wadda ka rubuta, ka tambayi kanka ko za ta iya zame mata tarko wata rana.

Mataki na biyu: bari halinta ya jefa ta a rami

Wani daren Alhamis cikin Disamba, hazo ya rufe gari, Nasiru ya buge wani mutum da keke a kusa da Gada Biyu, tsoro ya kama shi ya gudu. Kashegari a kasuwa Asabe ta ji cewa mijin Ngo Kaneng ne, ɗaya daga cikin matan adashenta, yana asibitin Jankwano ba ya gane wanda ke kansa, ana neman kuɗin aiki.

Wannan katari ne, kuma katari ɗaya tak aka yafe maka, shi ma don ya jefa mutum cikin matsala. Wanda zai fitar da shi daga matsala haramun ne a wannan sana'a. Daga nan duk abin da zai biyo baya, zaɓin mutanen labarin ne.

Dubi hanyoyin da ke gabanta. Da muguwa ce, shiru za ta yi ta tsira. Da mai taurin zuciya ce, za ta kama hannun ɗanta ta kai shi ofishin 'yan sanda. Asabe ba za ta iya kallon mutum ya mutu saboda ɗanta ba, ba kuma za ta iya miƙa ɗan ba. Gaba kura, baya sayaki. Sai ta ɗauki kwasar Maman Hanifa da ke ajiye a hannunta, kuɗin kayan ɗakin amarya, ta sa a baƙar leda, ta aiki almajiri ya kai wa 'yar majinyacin a ƙofar ɗaki, ba suna. Cikin ruɗewa ba ta kwance jan zaren ba, domin hannunta ya saba.

Lura da cewa kirkinta ne ya cuce ta. Mai karatu ba zai iya tsine mata ba, ba zai iya wanke ta ba, kuma muddin yana tsakanin biyun ba zai ajiye labarin ba.

Ga gwajin da za ka yi wa naka labarin: cire tauraron, ka sa wani mai hali daban a gurbinsa. In labarin ya tafi yadda yake ba tare da ya canza ba, to abubuwa ne kawai ke faɗo wa mutum a ka. Koma ka sake gini.

Mataki na uku: raba sani

Nan ne yawancin sababbin marubuta ke tuntuɓe. Suna zaton jan rai shi ne ɓoye wa mai karatu komai har shafin ƙarshe. Alfred Hitchcock, daraktan fim ɗan Ingila, ya warware wannan da misalin bam a wata doguwar hira da aka yi da shi a 1962. Mutum biyu na hira a tebur, kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashinsu: 'yan kallo sun razana na daƙiƙa 15. Amma in an nuna musu lokacin da aka dasa bam ɗin, sun san ƙarfe ɗaya zai tashi, ga agogo a bango yana nuna ɗaya saura kwata, to hirar banzar nan ta zama minti 15 na zaman ɗar-ɗar, kowa na son ya yi wa mutanen ihu su tashi.

Saboda haka ɗauki takarda ka ja layuka. A sama rubuta sunan kowane mutum, ka ƙara da gurbi ɗaya na mai karatu. A gefe jera asiran labarin: wa ya buge mutumin, wa ya aiko da kuɗi, kuɗin wa aka taɓa. A kowane babi cike wanda ya san me. Wannan takardar ta fi maka amfani a kan duk wani tsarin babi-babi, domin duk inda ka ga babi uku sun wuce ba wanda saninsa ya ƙaru, labarin ya kwanta barci.

A namu, mai karatu ya san komai tun babi na biyu. Ngo Kaneng ba ta san komai ba. Maman Hanifa tana can tana ciniki da kafinta, hankalinta kwance. Nasiru ya san ya buge mutum, amma bai san uwarsa ta taɓa amana saboda shi ba, kuma ranar da zai sani babi ce sukutum. Ita kanta Asabe akwai abin da za ka nuna wa mai karatu ka ɓoye mata: yarinyar da ta karɓi ledar ta kwance zaren, ta ɗaura a hannun kular abinci, yana nan a gefen gado.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba, wato ka shigar da mu cikin zuciyar mutum, muna jin tunaninsa babi goma, sannan a ƙarshe ka ce ashe shi ya yi kisan, kawai bai tuna da shi a gabanmu ba. Wannan zamba ce. In kana son ka ɓoye abin da mutum ya sani, to kada ka ba da labarin ta cikin kansa. Tsaya a waje kana kallonsa, kamar yadda maƙwabta ke yi.

Mataki na huɗu: ɗaura agogo

Matsalar da ba ta da wa'adi damuwa ce kawai, ana iya shekara da ita. Sa mata rana. Ba ka bukatar bam, domin rayuwarmu cike take da ranakun da ba a ɗagawa: ɗaurin aure da aka riga aka raba goro, suna a kwana na 7, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in inda dangi ke haɗuwa a fara maganar gado, takaba wata 4 da kwana 10, cikar idda, tashin jirgin alhazai, ƙarewar kuɗin haya. Jana'iza ma agogo ce mai gudu. Wanda ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwanci, don haka mai zargin wani abu game da mutuwar sa'o'i kaɗan gare shi, kuma in ya buɗe baki za a ce bai yarda da ƙaddara ba. In labarin ya kai ga hukuma, sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka tsare cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ko an bi ko ba a bi ba, lauyan cikin labarinka ya kamata ya san haka.

Agogon Asabe kwana tara ne: Juma'a ta sama Maman Hanifa za ta zo karɓar kuɗinta. Sannan ka matse shi. A kwana na uku kafinta ya ce sai an ba shi rabi kafin Talata.

Mataki na biyar: mai farauta ba lallai ya zama mugu ba

Kishiya mai bin bokaye da attajiri mai shan jini sun gaji, a bar su su huta. Mugun da mugunta ce kawai sana'arsa ba ya ba da tsoro, don an san iyakarsa. Wanda ke tayar da hankali shi ne mutumin da yake da hujja, wanda in ka zauna da shi za ka ce ai da gaskiyarsa.

A labarinmu masu matsa wa Asabe biyu ne. Na farko Oga Sale, bakaniken da ya canza wa keken gilashi da fitila da sassafe, ya ga abin da ya gani. Ba zai taɓa yi mata barazana ba. Zai zo rumfarta ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ni fa ban ga komai ba. Sai dai mai gidan haya ya ba ni kwana uku, ko za ki ranta mini dubu ashirin?" Kuma da gaske ne an ba shi kwana ukun. Shi kansa bai yarda cewa abin da yake yi cin amana ba ne.

Ta biyu ita ce ta fi haɗari: Ngo Kaneng. Ta rantse sai ta nemo wanda ya aiko da kuɗin nan, don ta yi masa godiya. Farautar da godiya ke ja ba a iya tsayar da ita, domin da wane baki za ka hana mutum neman wanda ya yi masa alheri? Kuma wa za ta roƙa ya taya ta nema, in ba aminiyarta uwar adashe ba?

Mataki na shida: sa garin ya yi aiki

Kada ka rubuta "wani gari". Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu yana korar mutane daga titi da wuri, ya sa kowa ya rufe fuska da hula da mayafi, wanda ke nufin shaidu kaɗan ne kuma ba su ga fuska sosai ba. Akwai tafkunan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfield da Bukuru, masu zurfi da shiru, inda yaro mai firgici zai iya tunanin jefa abin da yake son ya ɓace. Akwai kangon babbar kasuwar Terminus da ta ƙone a Fabrairun 2002, wadda har yau tsofaffin 'yan kasuwa ke auna arzikinsu da kafin gobara da bayan gobara. In wani zai gudu Abuja, sai ya sauka Hawan Kibo.

Sai babban abin, wanda ke son taka-tsantsan. Rikicin Satumban 2001 da na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010 sun bar garin da unguwannin da wasu ba sa shiga da dare. Duk mutumin Jos ya san ƙaramin abu kan iya girma in jita-jita ta ɗauke shi. Wannan shi ya sa tsoron Asabe ya wuce na ɗanta da sunanta: tana tsoron yadda za a ba da labarin a bakin titi, a ce yaron unguwa kaza ya buge mutumin unguwa kaza ya gudu. Ka bar wannan tsoro a zuciyarta, yana nan ko ba a ambata ba. Amma kada ka mayar da jinin da aka zubar kayan yaji, kada kuma ka ɗora wa wata ƙabila ko addini mugunta a dunƙule. Masu karatunka na kowane ɓangare sun binne nasu.

Mataki na bakwai: rubuta fage, baki na faɗin wani abu, zuciya na wani

Mu mutane ne masu kara da zagaye-zagaye, kuma wannan kyauta ce ga marubuci. Gaisuwa kaɗai za ta iya ɗaukar tashin hankali. Ga Asabe ta je dubiya:

"Sannu Ngo. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Inna. Jiya ya buɗe ido. Zauna mana, kin tsaya kamar baƙuwa."

Asabe ta ɗosana a bakin benci. A hannun kular da ke gefen gado, ga jan zare, ƙulli biyu.

"Kin ji abin da Allah ya yi mana? Wani ya aiko da dubu ɗari biyu, ko sunansa bai faɗa ba."

"Allah ya saka masa."

"Amin. Amma sai na nemo shi. Yarinyar nan ta ce za ta gane almajirin, yana da tabo a goshi."

"Wanda ya ɓoye kansa ai ba ya son a neme shi, Ngo."

"Shi ya sa zan neme shi." Ta jawo kular gabanta. "Ci ɗan gwate, tun safe kina kasuwa."

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

"Ke kullum kin ƙoshi." Yatsanta na wasa da zaren. "Shi kuwa wanda ya buge shi ya gudu, ni na bar shi da Allah. 'Ya'yana ne ba su bar shi ba."

Duba abin da babu a ciki. Ban rubuta "gabanta ya yanke ya faɗi" ba, ban ce zufa ta karyo mata ba, ban ce hantar cikinta ta kaɗa ba. Waɗannan kalamai sun sha jiki har sun daina aiki, kuma in ka faɗa wa mai karatu gaban wance ya faɗi, ka hana nasa faɗuwa. Nuna masa zaren, ka sa yatsan Ngo a kai, ka yi shiru. Duba kuma yadda kowace magana ta alheri take zame wa Asabe wuƙa. Ngo ba ta faɗi kalma ɗaya da nufin cutarwa ba.

Kowane fage ka shiga da tambaya uku: me wannan yake so a nan, wa ke tare masa hanya, me ya canza kafin a fita? Asabe ta shigo don ta ji ko majinyacin ya ga fuskar direba. Ta fita da sababbin masifu biyu, almajiri mai tabo da 'ya'yan da ke neman ramuwa. Fagen da aka fita yadda aka shiga, goge shi, ko da ya yi maka daɗi.

Mataki na takwas: kowace mafita ta haifi matsalar da ta fi ta

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa akwai tafiya. Don ta biya kafinta, Asabe ta taɓa zubin wannan Asabar. Don ta rufe wannan, ta kai keken ɗinkin 'yarta jingina. Mai karɓar jinginar kuwa ƙanwar Maman Hanifa ce ta wajen miji, abin da kowa a Gangare ya sani, ita ma ta sani, amma ba ta da wata ƙofar. Kowane mataki ya zama mai ma'ana a lokacin da ta ɗauke shi, ya kuma rage mata hanyoyin fita.

Tsakanin waɗannan ka bar mutane su numfasa. Sa raha a kasuwa, sa rigimar masu sauke kwandunan tumatir, sa amarya Hanifa tana zumuɗin kujerunta. Dariyar ba ɓata lokaci ba ce, ita ke sa a ƙara son mutanen da ake tsoron abin da zai same su.

Mataki na tara: ƙarshe

Dokar ɗaya ce: tauraron ne zai yanke hukunci da kansa, kuma sai ya biya. Kada Oga Sale ya mutu a hatsari ana gobe zai tona. Kada wani attajirin kawu ya dawo daga Saudiyya da jakar kuɗi. Kada a farka a ce mafarki ne.

Ngo za ta gane zaren, wannan alkawari ne da ka yi tun da ka nuna shi. Abin da ya rage maka shi ne yaushe, kuma me za ta yi da sanin. Ni da zan rubuta, zan sa ta gane tun kwana na shida ta yi shiru, tana jira ta ga ko aminiyarta za ta faɗa da bakinta, mai karatu ya san ta sani, Asabe ba ta sani ba. Kwana ukun ƙarshe sai su juye: wadda ake ɓoye wa ta zama mai kallo. Ranar da Asabe za ta tsaya gaban Ngo ta faɗi wanda ya tuƙa keken, dole ta ambaci sunan da ba ta taɓa furtawa ba. Wanda ya karanta tun farko zai ji nauyin wannan ba tare da ka yi masa bayani ba. Ko Ngo ta yafe ko ba ta yafe ba, adashen ba zai koma hannun Asabe ba. Kada ka mayar mata da shi don tausayi, kuma kada ka rufe da shafi biyu na wa'azi.

Mataki na goma: gyara da saki

Bincika abin da ba ka sani ba a bakin masu shi. Zauna da mai tuƙa keke ka ji yadda ake biyan balas da abin da mamallakin keken ke yi in an kwana ba a kawo ba. Tambayi ma'aikaciyar jinya lokacin shiga dubiya da wanda ake bari ya kwana da majinyaci. Tambayi uwar adashe ta gaske yadda ake sauya layin kwasa. Kuskure ɗaya a irin waɗannan ya isa mutumin Jos ya daina yarda da kai.

In gajeren labari kake so, irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016, inda ake neman kalma 1,000 zuwa 1,500, to asiri ɗaya, agogo ɗaya, mutum uku. Labarin Asabe a wannan tsawon zai fara ne daga ƙofar ɗakin asibiti, hatsarin ya shigo cikin jimla biyu.

In kuwa kashi-kashi za ka riƙa saki, gama rubuta labarin duka kafin ka saki na farko. Masu karatu za su cika ka da roƙon a kashe wane, a aurar da wance, kuma wanda bai gama ba yakan bi su ya rasa zaren da ya shuka. Yanke kowane kashi a kan shawarar da mutum ya ɗauka ko abin da ya gano. Yankewa a kan bugun ƙofa, gobe a buɗe a ga maƙwabciya ce ta zo aron ashana, sau ɗaya ake yafe shi.

Karanta da ƙarfi kafin ka saki, domin da yawa da kunne za su ji shi, suna girki ko suna cikin mota. Sunaye masu kama da juna, irin Hassana da Hasiya da Hafsa a gida ɗaya, canza su. Sannan ba mutum biyu da ba sa jin kunyarka su karanta. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Tambaye su a wane shafi suka fara duba wani saƙo a waya, da kuma wa suka fi jin tsoron abin da zai same shi. In suka ambaci wani ba tauraronka ba, koma mataki na ɗaya.